Sabon Lauya da Albashin da Ba Ya Kai Ƙarshen Wata

 Sharhinmu na yau a kan wata magana ce da ta same ni har gida a makon jiya, bayan sallar isha'i.

Ɗan ƙanwata ne ya yi sallama, muka zauna kan tabarma a ƙofar gida. Yaron nan lauya ne. Shekara biyar ya yi a jami'a, ya ƙara shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi da ke Bagauda, aka rantsar da shi a Abuja, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya dawo Haɗejiya ya kama aiki a wani ofishin lauyoyi. Wata takwas ke nan. Ya daɗe kansa a sunkuye kafin ya ce, "Kawu, ina so in bar aikin nan. Abin da ake ba ni a wata bai kai alawus ɗin da nake karɓa ina hidimar ƙasa ba. Kafin tsakiyar wata ya ƙare a man babur da abinci. Duk unguwa Barista ake ce mini, ana kawo mini katin biki da takardar asibiti, ni kuwa ranar Juma'a sai na ranci kuɗin wanki."

Na san ba shi kaɗai ba ne. Ina jin akwai mai saurarona yanzu, a Haɗejiya ko Malam Madori ko Kafin Hausa, da yake kwana da wannan lissafin, ko kuma uwa da uba da suka sayar da shinkafar shekara biyu suka biya kuɗin Bagauda, suna jiran ranar da za su ga amfanin wahalarsu.

Mu fara da lissafin, domin yaron bai yi ƙarya ba. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000. Alawus ɗin masu hidimar ƙasa ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000. To amma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ku duba mini ofisoshin lauyoyin da kuka sani a garuruwanmu: maigida, yaransa biyu ko uku, sakatariya, sai ɗan aike. Ke nan mutumin da ya kwashe shekara shida yana karatun doka yana aiki a inuwar da dokar albashi ba ta kai ba, abin da maigida ya ga dama shi ne albashinsa. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka. Lauyan Haɗejiya kuwa matafiyi ne. Yau yana Babbar Kotu a nan cikin gari, gobe ya yi sammako ta Kafin Hausa da Jahun zuwa Dutse, jibi ɗaukaka ƙara ta kai shi Kano. Kowace shekara kafin ƙarshen watan Maris sai ya biya kuɗin izinin aiki, ya biya na hatimi. Baƙar kwat da farar riga ba sa yarda da ƙura, garinmu kuwa kun san shi da rani.

Wani zai ce, to ya ɗan taɓa kasuwanci mana, ga kasuwar kifi, ga shinkafa, ga riɗi. Nan ma akwai shinge. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana mutum ya riƙa aikin lauya alhali shi da kansa yana harkar saye da sayar da kaya ko dillanci. Abin da ɗan kowa a Haɗejiya ke toshe ɓaraka da shi, wato ya sari buhu goma da kaka ya ajiye zuwa bazara, shi wannan yaron sai ya yi taka-tsantsan da shi.

Ban ce duk iyayen gidan nan azzalumai ba ne. Na san yadda kuɗi ke shigowa irin waɗannan ofisoshi. Mai ƙara a yankinmu galibi manomi ne ko masunci ko makiyayi. Zai ba da kafin alƙalami, ya ce sauran sai an yi girbi. In ruwa ya zo irin na 2020 ko na 2022 ya shanye gonakin fadama, shi ke nan, bashi ya tafi da ambaliya, shari'a kuwa tana nan sai an je. Babbar Kotu tana tafiya dogon hutu kowace shekara. A 2021 ma'aikatan kotuna sun yi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni, ƙofofin kotu a rufe, haya kuma ba ta tsaya ba. A watan Mayun 2023 aka fitar da sabon tsarin kuɗin aikin lauya, wanda ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a hannun mai ƙara, aka kasa jihohi gida uku, Legas da Abuja a sama. Tsari ne mai kyau a takarda, sai dai magana yake tsakanin lauya da wanda ya ɗauke shi aiki. Bai faɗi abin da babban lauya zai ba ƙaramin da ke ɗaukar masa jaka ba. Kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta wa dattijon Guri jadawalin kuɗi ya san inda maganar ke ƙarewa: "Barista, a dai duba mana."

Duk wannan gaskiya ne. Amma ba shi ya sa na yi shiru a daren nan ba. Tambaya ɗaya na yi wa yaron. Na ce, "Ɗana, a wata takwas ɗin nan, sau nawa ka miƙe gaban alƙali ka yi magana da bakinka?"

Ya ce, "Kawu, da yawa. Amma duk neman ɗage ƙara ne. In je in ce Oga yana Dutse, a ba mu wata rana."

Na ce, "Ka taɓa yi wa mai shaida tambayoyi? Ka taɓa rubuta takardar ƙara tun daga farko har ƙarshe, Oga ya zauna da kai da jan biro ya nuna maka inda ka kauce? In mai ƙara ya shigo, ana barinka a ɗakin, ko cewa ake ka ɗan ba mu wuri?"

Ya yi shiru.

Jama'a, a nan maganar take. Mu Hausawa mun san zaman yaro da maigida tun kafin a kawo kotun Nasara. Yaron kanti a Kantin Kwari ba albashi ke riƙe shi ba. Yana zaune ne domin ana nuna masa yadda ake gane yadi, ana haɗa shi da masu kawo kaya, ana ci da shi, in ya yi ciwo a kai shi asibiti, in lokaci ya yi a sallame shi da jari. Ɗan masunci yakan yi shekaru yana riƙe wa babba gora kafin a bar shi ya jefa birgi shi kaɗai, amma kowace fita yana koyon inda kifi ke kwanciya, kuma ba ya komawa gida hannu rabbana. Yarjejeniya ce mai ɓangare biyu. Yaro ya kawo ƙarfinsa da biyayya, maigida ya kawo ilimi da ɗawainiya da sallama. Abin da ke damuna da wasu ofisoshin lauyoyi shi ne sun riƙe rabin yarjejeniyar, rabin da ya shafi haƙurin yaro, sun yar da ɗaya rabin. In yaro ya yi ƙorafi a ce masa, ai koyo kake, mu ma haka muka yi. To ina koyon? Wanda aka mayar ɗan aiken neman ɗage ƙara, ba kuɗi a aljihu, ba ilimi a ka, shekarunsa kawai ake ci.

Don haka ni ba na cikin masu cewa kowane sabon lauya ya daure ya yi shekara biyu ko uku ko ta halin ƙaƙa. Ba na kuma cikin masu cewa da zarar an ga inda ya fi da dubu ashirin a tattara. Ƙaramin albashi a ofishin da ake koyar da kai abu ne da za a iya jurewa na ɗan lokaci sananne, domin ana biyan ka da wani abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Bari in faɗi abin da nake nufi, domin wanda bai san aikin ba zai ɗauka duk doka tana cikin littafi. Ku ɗauki rikicin gona a fadamar kogin Haɗejiya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wurin da ake noma jiya ya zama tafki, wurin da ake su ya zama tudu. Gonar da ruwa ya riƙe shekara goma, ranar da ya janye sai mutum uku su fito: jikan wanda ya sare dajin, wanda aka ba aro tun zamanin kakanni, da wanda ya ce jingina ce a hannun mahaifinsa. Ba takarda ko ɗaya. Iyakar ita ce wata tsamiya da ta faɗi tuntuni. Shaidu dattawa ne da mai unguwa da bulama. A gefe ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Ga hukuncin gado na Musulunci, domin sau da yawa gonar ba a taɓa raba ta ba tun rasuwar kaka, magada sun kai arba'in, wasu mata ne da aka aurar Nguru ko Gashuwa ba a ko tuna da su. Wace kotu ma za a nufa, ta Shari'a ko Babbar Kotu? Lauyan da ya kuskure wannan tun farko zai ɓata wa talaka shekara uku, a ƙarshe a ce kotun ba ta da hurumi, a koma farko.

Haka rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma, inda burtali da mashaya suka shige cikin gonakin rani. Haka filayen aikin noman rani na Auyo, wanda aka gyara aka ƙaddamar a farkon 2023, fili sama da hekta 5,000, inda darajar ƙasa ta tashi, maganar haya da aro da rabon ruwa ta tashi tare da ita. Yadda za ka yi wa dattijo ɗan shekara tamanin tambaya a gaban alƙali ka fito da gaskiya ba tare da ka ci mutuncinsa ba. Yadda za ka gane shari'ar da sulhu a zauren hakimi ya fi mata alheri. Yadda za ka bi fayil a wurin rajistara kada ya kwana shekara. Yadda za ka gaya wa mutum cewa ba shi da gaskiya alhali da kuɗinsa a hannu ya zo. Ba a koyar da waɗannan a Bagauda. A bayan babban lauya ake tsintarsu, a cikin mota kan hanyar Dutse, a kan benci ana jiran a kira ƙara. Yaron da ke samun wannan, ko da albashinsa kaɗan ne, ina ce masa ya ƙara daurewa, ya sa wa kansa wa'adi, shekara ɗaya da rabi ko biyu, ya riƙa rubuta abin da ya iya yau wanda bai iya ba watan jiya. Yaran da suka karanta dokar zamani haɗe da shari'ar Musulunci a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, in suka samu irin wannan horo a yankin nan, ba za su rasa abin yi ba har tsufansu.

Akwai wani abin da ke tsorata yara wanda ya kamata a warware. Suna jin cewa in sun bar ofishin farko da wuri, shekarunsu sun zube. Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda za a naɗa alƙalin Babbar Kotun jiha sai ya shekara 10 da zama lauya, Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, Kotun Ƙoli 15. Daga ranar rantsuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka shiga ofishin wane ba. Wanda ya koma Ma'aikatar Shari'a a Dutse ya zama lauyan gwamnati, ko ya shiga Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976 don talakan da ba shi da kuɗin lauya, ko ya zama majistare, shekarunsa na tafiya. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, daga ƙaramar lauyar gwamnati ta fara a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa. Wanda ta gada a kujerar kuwa ɗan jiharmu ne, marigayi Dahiru Musdapher na Babura. Ma'aikacin gwamnati ma Tsarin Mulki ya bar masa noma, abin da ba ƙarami ba ne ga ɗan fadama. Sai dai mai burin zama Babban Lauyan Najeriya, wato SAN, ya sani shekara 10 kaɗai ba ta isa ba, sai ya nuna shari'o'in da ya yi da kansa har zuwa manyan kotuna. In ya koma banki ko kamfani a kan albashi, ƙa'ida ta hana shi tsaya wa mai gidansa a kotu, ƙafarsa za ta ɗauke daga gaban alƙali. Hanya ce mai kyau, amma wata hanya ce dabam, gara ya shige ta da idonsa a buɗe.

Abin da nake jin tsoro iri biyu ne. Na farko yaro ya fita cikin fushi, ba inda ya nufa. Doka ba ta hana sabon lauya buɗe ofishinsa ba, amma wanda bai iya ba, ba shi da mai tura masa aiki, ƙarshenta a bakin kotun majistare zai yini yana jiran motar 'yan sanda ta sauke waɗanda ake tuhuma, ya bi danginsu yana neman na beli. Abokan sana'a suna da sunan da suke kiran irin wannan, kuma in sunan ya manne wa mutum a gari kamar Haɗejiya, inda kowa ya san kowa, da wuya ya fita. An saki reshe an kama ganye.

Na biyun ya fi tayar mini da hankali, shi ne wanda ya zauna da yunwa. Kuɗin mutane suna bi ta hannun ƙaramin lauya: kuɗin shigar da ƙara, kuɗin diyya, kason marayu. Ranar da haya ta cika, ga dubu ɗari na wata bazawara a aljihunsa, zuciya za ta ce ranta, ka mayar ƙarshen wata. Daga nan ake fara karɓar aiki a ɓoye a bayan maigida, daga nan ake fara cewa mai ƙara ya kawo na alƙali alhali alƙali bai san zancen ba. Akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke iya soke sunan mutum daga rajista gaba ɗaya, kuma taɓa kuɗin mai ƙara na cikin manyan laifukan da ke kai mutum gabansa. Duk yaron da ya ji zuciyarsa ta fara wannan lissafin, ni a ganina lokacin tafiyarsa ya yi, ko da ana koyar da shi. Mutuncinsa ya fi horon tsada.

Yanzu gare ku, manyan lauyoyinmu, Allah ya ƙara muku girma. Kun fi ni sanin abin da addini ya ce game da gaggauta biyan ma'aikaci haƙƙinsa. Kuna tsayawa a kotu kuna kare ma'aikacin da aka danne wa albashi. In ofis ba zai iya biyan 70,000 ba, akwai abin da zai iya. A ba yaro kuɗin mota duk ranar da aka aike shi kotu, kada ya cire daga albashinsa. In ya kawo mai ƙara da kansa, a yanka masa kaso sananne. A bar masa ƙananan shari'o'i ya yi tun daga farko, a zauna da shi bayan an tashi a gyara masa. A rubuta masa takardar ɗaukar aiki, domin abin kunya ne ofishin da ke rubuta wa jama'a yarjejeniya ya riƙe nasa ma'aikacin da fatar baki. A Ingila, hukumar da ke kula da baristoci ta wajabta biyan mai koyon aiki, ta kuma sa mafi ƙarancin da ba a sauka ƙasa da shi, tana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Ba na cewa mu kwafo adadinsu, arzikinmu ba ɗaya ba. Amma reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Dutse zai iya zama ya amince da wani mafi ƙarancin albashi da ya dace da Jigawa, mambobi su riƙe juna a kai. In ba a yi ba, yaran da suka fi ƙwazo za su ci gaba da zarcewa Kano da Abuja, manomin Birniwa ko Kaugama da aka ƙwace wa gona ya rasa wanda zai tsaya masa da harshen da yake ji.

Iyaye kuma, mu rage wa yaran nan kaya. Hular lauya ba ta zuwa da kuɗi a cikinta. Shekarun farko na wannan sana'a shekarun dashe ne, shukar ba ta kama ƙasa ba tukuna. Ga 'yan mata lauyoyi abin ya fi nauyi, domin su in albashi bai taka kara ya karya ba, nan da nan a gida za a ce to zaman me ake, a ajiye aikin gaba ɗaya.

Shi ɗan ƙanwata, ga abin da muka tsayar a daren. Na ce kada ya ajiye aiki a wannan makon, kada kuma ya yi ta gunaguni a bayan ido. Ya nemi maigidansa a keɓe, bayan la'asar in ofis ya yi sauƙi, ya yi masa magana irin ta ɗa da uba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode da riƙon da ake mini. Ga halin da nake ciki. Ina roƙon a duba mini kuɗin mota, a kuma ba ni shari'a ko biyu in riƙe da kaina ƙarƙashin kulawarka." Ya ba abin wata uku. A cikin watannin nan ya riƙa neman wani wuri a natse, in ana ɗaukar lauyoyin gwamnati ya cika takarda, ya gaisa da wasu manyan a Dutse da Kano. In ya zama tafiya ce, ya ba da sanarwar wata guda a rubuce, ya miƙa kowane fayil da bayanin ranar da aka ɗage shi, kada ya janye mai ƙara ko ɗaya a ɓoye, ya je har gida ya yi sallama. Gobe a kotu ɗaya za su haɗu, shi a wannan benci, maigidan a wancan, kuma duk inda ya nemi aiki ko alƙalanci, wannan mutumin za a fara tambaya.

Shekaranjiya ya kira ni. Ya yi maganar. Maigidan bai ƙara masa albashi ba, ya ce sai bayan kaka in masu bashi sun biya. Amma ya ɗauki nauyin kuɗin mota, ya kuma miƙa masa fayil ɗin wata shari'ar gado, gonar fadama ce a wajen Auyo, magada goma sha bakwai. Ranar Litinin zai yi wa mai shaida tambayoyi karo na farko. Wata ukun da muka yanka suna nan, ya rubuta ranar cikarsu a bangon littafinsa.